Kafin a sauya wa mashin matakin ƙafa da libar giya

Garejina ƙarami ne, a Jos ta Arewa, ba nisa da Dilimi inda muke sayen kayan gyara. Ni ne da yarana masu koyon aiki, sai rumfar kwano da benci. Tun da aka hana acaba a cikin Jos da Bukuru zamanin Gwamna Jonah Jang, masu kawo mana aiki suka sauya. Yawancin 'yan going, wato 'yan acaba, sun koma Keke. Yanzu manoman dankali ne daga wajen Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, masu Boxer da Jincheng da TVS, sai ma'aikata masu roba-roba, sai kuma samari masu manyan mashina 'yan Beljiyam.

Aiki ɗaya ne ya haɗa su duka: matakin ƙafa, libar giya da ta birki. Na ƙauye faɗuwa ce ke kawo shi. Ya ɗaure buhunan dankali a baya, ya hau hanyar duwatsu, da ya sha ƙasa ta hagu abin da zai fara dukan dutse shi ne mataki da liba. Na birni kuwa ƙwalisa ce, so yake a ja masa matakin baya irin na 'yan tsere, ko a tura masa gaba don ƙafarsa ta miƙe. Dukansu gani suke aikin minti biyar ne, kwance wannan ɗaura wancan. Ni kuwa yana cikin ayyukan da ba na barin yaro ya gama sai na duba da kaina.

Libar giya tana zama ne a kan shaf, ƙarfen nan da ya leƙo daga cikin inji ta hagu, mai ƙananan haƙora zagaye da shi. Kowane kamfani da irin kaurin shaf ɗinsa da yawan haƙoransa. Ka ajiye liba biyu a kan benci, ka rantse tagwaye ne, amma ɗaya ce kaɗai za ta zauna. Wadda ta dace da hannu take shiga, haƙori cikin haƙori. Duk wadda sai da guduma ta shiga, to cin haƙoran shaf take yi. Akwai kuma wadda za ta shige salin-alin, ka ɗaure ƙusar da ke matse ta da sifana lamba 10 har tsagar bakinta ta haɗe, amma ka taɓa ka ji tana rawa. Ita ma ba tasa ba ce, ramin ya yi mata yawa. Shi ya sa ba na aiken yaro Dilimi hannu rabbana. Tsohuwar libar zai riƙe, kuma sai ya yi magana da mai shago tun farko cewa in ba ta hau ba za a dawo da ita.

Kafin a cire tsohuwar ma sai an yi alama a kan shaf da libar, don a san haƙorin da take kai. Haƙori ɗaya ka kauce, bakin libar ya yi sama ko ƙasa fiye da yadda idon sawu zai iya bi. Kuma ƙusar da ke matse ta fita take gaba ɗaya, ba sassautawa kawai ba, domin ta ratsa ne ta wani kwari da aka yi a jikin shaf. Sabon yaro in bai san wannan ba, sai ka ga ya ɗauko sukundireba yana ɓanɓara.

Inda muke yawan saɓawa da kwastoma shi ne walda. Haƙora sun cinye, liba na juyawa a banza, sai dattijo ya ce, "Oga, ka ɗan ɗiga mata walda mana, kasuwa zan kama." Nakan ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba a nan ba." Bayan shaf ɗin akwai oyil sil, roba ce, zafin walda na ƙona ta, baƙin mai ya fara tsiyaya a kan takalmin mutum. Ranar da za a sauya ta kuma babu hanyar zare liba, sai yanka. In an yanke shaf, sai an zubar da mai an buɗe murfin inji kafin a sa sabo. Wasu kan tafi su samu mai ɗiga musu a gaba, na sani. Ban taɓa jin haushin kuɗin da ya wuce ni ta wannan hanyar ba.

Na manyan mashina ya fi wannan rikici. Da zarar an ja mataki baya, liba ba ta kan shaf kuma. Wani ɗan hannu ne ke kan shaf, sai siririyar sanda ta haɗa shi da liba, kowane bakinta da gaɓa mai juyawa. Baki ɗaya ta dama ake ɗaure shi, ɗayan ta hagu, don in ka murza sandar ta ƙara tsawo ko ta ragu ba sai ka kwance komai ba. Wanda bai lura ba ya nace da sifana, nan take zai lalata shi. Muna so sandar da ɗan hannun su haɗu a tsaye, kamar kusurwar bango, haka ma ta wajen libar. In kusurwar ta karkace, giya za ta yi laushi ta sama ta yi tauri ta ƙasa, firi kuma, wato inda mashin ba ya cikin giya, ya riƙa ɓacewa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne fuskar da ɗan hannun ya kalla. In da sama yake kallo ka kifa shi ƙasa don sanda ta samu hanya, ka juya giyar gaba ɗaya. Mashin da aka saba taka lamba 1 ƙasa, sauran a ɗaga sama, sai ya koma akasin haka. 'Yan tsere da gangan suke yi, amma ka ƙaddara mutum yana gangarowa daga tudu da gudu, ya nufi ƙara giya ya rage, tayar baya na iya cijewa. Ko a ƙananan mashina ba tsari ɗaya ba ne: wani duk ƙasa ake takawa, wani zagayawa yake har ya dawo firi, shi ya sa wasu ke zuwa da liba mai gaba da baya, ta yatsu da ta dunduniya. In ka sa wa irin wannan mai baki ɗaya, mai silifas zai gaya maka da fatar ƙafarsa.

Ta dama kuma birki ne. Birki mai sanda da ganga, muna barin liba ta yi wasan kamar milimita 20 zuwa 30 kafin ya kama, mu daidaita da notin da ke ƙarshen sandar. Birki mai faifai da ke aiki da mai kuwa, in an matse shi babu wasa ko kaɗan, birki zai riƙa kamawa da kansa yana zafi. Sai ɗan sifirin ɗin da ke jan makunnin fitilar birki, wanda kowa ke mantawa. A duba kuma kik zai sauka har ƙasa bai daki sabon mataki ba, liba ba ta gogar salansa ko murfin sarƙa.

Idan an gama ɗauri, mukan kafe mashin tayar baya ta tashi, yaro na juya ta da hannu, ni ina bin giya ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, ina duba ko liba na dawowa tsakiya da kanta. Sannan mai mashin ya hau da takalmin da ya saba tuƙi da shi, don da ƙafarsa za a auna, ba tawa ba. Ya zaga layi ya dawo, in akwai gyara a yi. Nakan ce ya biyo bayan mako a sake bin notocin, saboda jijjiga na sassauta su, kuma wannan ba na karɓar ko sisi.