Wutar da na tatso daga taɓon kududdufin kuza

A watan Nuwamban bara na ɗebo taɓo bokiti huɗu daga wani tsohon kududdufin kuza da ke bayan Bukuru, kusa da Jos. Baƙin nan na can ƙasa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, shi na nema, domin a cikinsa ne bakteriyar da ba ruwanta da iska take zama. Irin su Geobacter, wadda Derek Lovley ya gano a lakar kogin Potomac na Amurka a 1987, idan sun ci ruɓaɓɓen ganye sai su sauke ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin da gudunsu cikin waya shi ne wutar lantarki, a jikin ƙarfe ko gawayi. Numfashinsu ke nan.

Na fasa tsofaffin baturan tocila na zaro baƙin sandan tsakiya, na ɗaure su da gawayi. A kowane bokiti na binne ɗauri ɗaya a ƙasan taɓo, ɗaya kuma na bar shi a saman ruwa yana shan iska, kowanne da wayarsa.

Kuskurena na farko wayar tagulla ce da na binne tsirara. Cikin kwana goma ta yi kore ta cinye, dole na sake ɗauri na toshe mahaɗar da danƙo. Sai kuma sanyin Jos. Hunturu na kankama mitar auna wuta ta ja baya, har na zaci ƙwayoyin bakteriyar sun mutu. Da na mayar da bokitan kusa da murhu suka farfaɗo, a mako na uku kowanne ya kai wajen rabin bolt.

Na jera su huɗu, na samu kusan bolt 2, amma da na jona ɗan jan ƙwan fitila sai ya ɗan yi ja ya dushe. Na kai kukana wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Taminus.

"Baba, wutar tana nan, amma ta ƙi riƙe ƙwai."

"Yaro, famfon da ke ɗiga ba a wanka a ƙarƙashinsa, randa ake tara masa."

Ya ciro kafasita, wato 'yar na'urar da ke tara wuta, daga wata matacciyar rediyo ya miƙo min. Na bar ta tana tarawa tun magariba, da asuba na taɓa ƙwan, ya haska sarai na ɗan lokaci. Ban san sanda na yi kabbara ba.

Wannan wuta ba za ta yi cajin waya ba, kada a yaudari kowa. Amma ba ta jiran rana kamar sola, dare ma aiki take, kuma abincinta ruwan wankin shinkafa ne, rabin kofi duk Juma'a. Yanzu ina tara gawayin bokiti takwas.