Hannu kafin fensir: yadda muke aiki da ƴan shekara 3 zuwa 5

Makarantarmu ta ƙananan yara ce a nan Yamai, aji uku: ƙarami, matsakaici da babba. Idan aka koma karatu a watan Oktoba, tambayar iyaye ɗaya ce: yaushe yaro zai fara rubutu? Amsarmu, wato sai yatsunsa sun yi ƙwari tukuna, ba ta yi musu daɗi. Ɗan shekara 3 dunƙule fensir yake yi a tafin hannu, yana juya shi daga kafaɗa. Riƙon yatsu uku, wato babban yatsa da manuni da na tsakiya, yakan zauna ne tsakanin shekara 4 zuwa 6. In aka matsa masa tun yatsun ba su yi ƙwari ba, sai ya riƙa danna fensir har takarda ta huje, ya gaji cikin minti biyu, kuma wannan mugun riƙon ya bi shi har ajin CI, wato ajin farko na firamare.

Shi ya sa da ƙullun wasa muke farawa. Kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, kofi 1 na ruwa, cokali 2 na mai. In yana manne wa hannu a ƙara fulawa, in yana tsagewa a ɗiga ruwa. Da hunturu nan da nan yake bushewa, sai a ƙulle shi a leda. Gishirin ne ke hana shi saurin lalacewa, amma yawansa na cutar da yaro in ya ci, don haka malama ba ta barin teburin. Yaro ya mulmula, ya murza kamar igiya, ya tsinka da yatsu biyu. Daga nan sai yaga takarda, sai murɗa marfin gora, sai zura igiyar takalmi a marafan kwalba da muka huda. Yawancin kayan nan daga gida ko kasuwar Katako muke samo su, a wanke da sabulu.

Girman kaya na da ƙa'ida. Duk abin da zai shige bututu mai faɗin kusan santimita 3 ba ya shiga ajin ƙanana, domin zai iya shaƙe yaro. Wake, gyaɗa da ƴaƴan tsamiya sai ajin babba, kuma a ƙirga su kafin wasa da bayansa. In ɗaya ya ɓace, hanci da kunne ake fara dubawa.

Almakashi shi ne darasin da muke daɗewa a kai, don a nan ƙwarin yatsa da kiyaye haɗari suke haɗuwa. Mai dagargajen baki ko mai tsini ba namu ba ne, sai mai zagayayyen baki. Babban yatsa a zoben sama, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, ɗaya hannun yana juya takardar. Ana farawa da siririn kwali mai faɗin yatsa biyu wanda sara ɗaya ke raba shi, domin takarda mai laushi lanƙwashewa take yi tsakanin bakunan. Sai miƙaƙƙen layi mai kauri, sai da'ira wajen shekara 4 zuwa 5. Dokokin uku ne: a zaune ake yanka, a rufe ake miƙa shi da mariƙin wajen mai karɓa, ba a tafiya da shi a buɗe. Yaron da ya saba da wannan ya fi wanda kullum "bari!" kawai yake ji sanin abin da kaifi ke yi. Bahago kuma a nema masa almakashin hagu. Ci da hannun dama tarbiyya ce ta gida, amma tilasta masa yanka da rubutu da dama ba ya ƙara masa komai sai tsoron aikin.

Sauran haɗurra da wasa muke koya su. Muna jera hotuna: murhun gawayi, butar shayi, soket, ƙwayar magani, gorar lemo mai ruwan da ba a san ko mene ne ba. Yaro ya ware na taɓawa da na kiran babba. Gorar nan muke fi nanatawa, saboda a gidaje da yawa a cikinta ake zuba kananzir da sodar yin sabulu. Ga iyaye: wanda ya sha ɗayansu kada a sa shi amai, kada a ɗura masa mai, asibiti kai tsaye. Haka in ya haɗiye ƙaramin batirin agogo, cikin awa 2 yana iya ƙona hanyar abinci. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake zuba mata minti 20, ban da man goge baki ko ƙwai.

Tun gobarar ajin zana a unguwar Pays-Bas a Afrilun 2021, wadda ta ci yara kusan 20, ba mai wannan sana'a da zai raina atisayen fita. In aka busa usur, kowa ya saki abin hannunsa, ko takalmi ba a nema, a bi malama zuwa gindin bishiya a kira suna. Ƙofar aji waje take buɗewa, ba a sa mata kwaɗo da yara a ciki. Ƴan ajin babba suna haddace 18, lambar ƴan kwana-kwana.

Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40. Kafin yara su hau lilo ko abin zamiya na ƙarfe, malama ta ɗora bayan hannunta a kai. In ba ta iya daurewa, ranar wasan yashi ne a inuwa.