Zuwa ga ƙannenmu na Yamai da Tawa masu son aikin tsara darasi ta intanet

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku daga Kanada, da fatan kuna lafiya, ya karatu, ya zafi?

Da yawanku kuna tambayar wace kamara za ku saya. Ku ajiye maganar kamara tukuna. Mai tsara darasi da tambaya guda yake farawa: me ɗalibi zai iya yi a ƙarshen mako wanda bai iya ba a farkonsa? "Ya fahimci kaso" ba amsa ba ce, don fahimta ba ta aunuwa da ido. Amma in kun ce "ya lissafa kashi 15 cikin 100 na jaka 40", wannan ana iya dubawa. Daga nan a rubuta jarrabawa, sai aikin gwaji, bayanin malam ya zo ƙarshe. Matakan Bloom na 1956, wato jerin matakan koyo daga haddacewa zuwa zurfin tunani, za su taimake ku zaɓen aikatau ɗin da ya dace wajen rubuta burin darasi.

Tsarin ADDIE, wanda aka haɗa a jami'ar jihar Fulorida a 1975, matakai 5 ne: bincike, zayyana, haɗa kayan darasi, gudanarwa, aunawa. Na farkon aka fi tsallakewa, kuma a gida Nijar shi ne komai. Ɗalibinku da salula yake karatu, da kuɗin aljihunsa yake sayen intanet, wuta kuma ba kullum ba. Murya a 64 kbps ba ta cika rabin mega a minti guda, amma bidiyo mai kyan hoto na iya cin mega 10 ko fiye a mintin. To don me za a ɗora wa yaro lacca ta awa biyu? Wani bincike na 2014 a kan bidiyoyin edX, wani dandalin darussa ta intanet, ya nuna masu kallo suna fara janyewa in an wuce minti 6. Ku yanka darasi gunduwa-gunduwa, murya da rubutu su zama ginshiƙi, bidiyo sai inda dole ido ya gani.

Ku koyi Moodle, manhajar ɗora darussa a intanet, da kyau. Kyauta ne, manhajarsa ta salula tana barin ɗalibi ya sauke darasi ya karanta ba intanet, kuma da MoodleBox ana ɗora shi a ƙaramar na'urar Raspberry Pi, aji ya shiga ta wifi.

Abin da ke kashe darasi, malam ya loda PDF mai shafi 80 ya tafi abinsa. Ɗalibi ya yi tambaya, shiru. Bayan makonni kaɗan shi ma sai ya ɓace. Shawararmu: rukuni kada ya wuce mutum 30, da mai bibiya guda, amsa kuma cikin kwana 2.

Game da hanyar aikin, ku fara da lisansi a fanni guda da kuka riƙe sosai, lissafi ne ko tarihi, a jami'ar Abdu Mumuni ko ta Tawa, sannan masta a kimiyyar ilimi. A tallan aiki za ku ga an rubuta "ingénieur pédagogique", wato mai tsara darasi. Mai wannan aiki, masta ta ishe shi. Mai son zama malamin jami'a kuwa sai ya yi digirin dokta, kuma ƙarin girmansa ta CAMES yake bi, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta Wagadugu. Can maƙalolin da aka buga ake dubawa, yawan darussan da ka ɗora ba zai tsaya maka ba. Saboda haka tun darasin farko ku nemi izinin ɗalibai, ku riƙa ajiye adadin waɗanda suka shiga, inda suka tsaya, da makinsu kafin darasi da bayansa.

Mai neman batun bincike kuma, ga talabijin na makaranta da Nijar ta fara a 1964. Wasu daga waɗanda suka zauna a ajujuwan nan suna raye, dattawa ne yanzu. Ku je ku ɗauki muryarsu tun da sauran lokaci.

Mu ne naku,
yayyenku da ke Kanada