Kadawa, garin da rani ke cika shi

Duk safiyar da na shiga kasuwar Mile 12 a nan Legas na tarar ana sauke kwandunan tumatir daga manyan motoci, nakan tuna cewa wasu daga cikinsu sun fito ne daga gonakin da na yi wasa a bakinsu ina yaro. Wani abokin cinikina Bayarabe ya taɓa tambayata ko mutum nawa ne a garinmu, sai na yi jim, domin amsar ta danganta da watan da aka yi tambayar a cikinsa.

Kadawa tana ƙaramar hukumar Garun Malam a Jihar Kano, a kan hanyar Zariya, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga birni. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba kwari, kuma damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, kamar sauran ƙasar Kano. Abin da ya bambanta mu da maƙwabta shi ne ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin mulkin Audu Bako aka kammala ta a 1974. Daga can babban kanal yake kwaso ruwa, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya isa kwamin manomi a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma gangarar ƙasa kaɗai ke tura shi, ba sai an tayar da inji ba. Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamakin yadda a tsakiyar hunturu, lokacin da ko'ina ya bushe ƙura ta turnuƙe, namu filin yake kore shar da alkama da albasa da tumatir, bayan an girbe shinkafar damina. Saboda wannan ne ma cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take da tashar gwajin noman rani a garin.

A yawancin ƙauyukan Arewa, da zarar an gama kaka an zuba hatsi a rumbu sai samari su ɗauki jaka su tafi ci-rani, gari ya koma na tsofaffi da mata da yara. Mu kuwa a lokacin ne muke karɓar baƙi. Masu dashe da masu tsinka suna zuwa neman aikin ƙodago, masu saƙa kwando da dillalai da direbobi su cika kasuwar Kwanar Gafan, masu sayar da abinci su biyo su, har wurin kwana ya yi wuya. Idan tumatir ya ƙare zafi ya tsananta, sai taron ya watse. Na ga shekarar da bai taru ba sam: a 2016, da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, garin ya yi tsit, mu kuma a nan kwando ya yi tsadar da masu saye suka riƙa komawa tumatirin gwangwani.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin gari amma na gari ne, irinmu da ke zaune a Agege da Ketu, nisan kusan kilomita 1,000, muna karɓar kaya muna aika kuɗin taki da iri. A ganina duk lissafin da ya bar mu a waje bai cika ba, tun da rabin hidimar gonar daga aljihunmu take fita.

Ƙidayar da ake dogaro da ita har yau ita ce ta 2006, wadda ta ba Garun Malam gaba ɗayanta mutum sama da 100,000, kuma ita ce ta sa Kano gaba da Legas da ɗan kaɗan, abin da har yanzu ake musu a kansa a majalisarmu bayan sallar isha'i. An yi ta ne a watan Maris, ana tsakiyar tsinkar tumatir, lokacin da Kadawa take maƙil da baƙi. Ni kuwa, da gonata da iyalina suna can, a wani ɗaki a Agege malaman ƙidaya suka same ni suka shafa mini tawada a yatsa.