Bindigar Kawu

Jiya na raka kawuna caji ofis, wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake. Mutumin nan shekara da shekaru yana da bindiga mai baki biyu, da lasisinsa, duk lokacin sabuntawa sai ya je ya biya, farauta kawai yake da ita sai kuma gadin gona. Da damina ɓarayi suka fasa ɗakinsa yana masallaci suka ɗauke ta, ya je ya kai rahoto a ranar, Allah ya taimaka ya ajiye takardar.

To shekaranjiya aka kama 'yan fashi a hanya, ashe da ita suke tare motoci, lambar da ke jikinta ce ta kawo 'yan sanda har ƙofar gidansa. Da ba don takardar rahoton nan ba, ni ban san inda za mu kwana ba, don a dokar Najeriya fashi da makami hukuncin kisa ne.

Abin da ya fi damunsa ba tambayoyin ba ne. Ance sun harbi wani direba da ita. Muna dawowa yake ce min "ɗana, bindigata fa, wadda nake shafa wa mai da hannuna."

Sai na tuna 2022 lokacin da gwamnatin Matawalle a Zamfara ta ce mutane su nemi lasisi su mallaki bindiga, ni ma a lokacin na goyi baya sosai saboda 'yan bindiga sun ishe mu. Amma ban taɓa tunanin inda talaka zai ajiye ta ba, a ɗakin ƙasa mai kwaɗo ɗaya. Kawu dai ya ce shi da bindiga har abada.