G na resize2fs da GB na parted

Talata, dare.

Safiya ta tafi lafiya lau. Sabon faifan kwamfutar Baba mai tera 4 ya samu teburin GPT (teburin da ke nuna yadda aka rarraba faifai), tunda tsohon tsarin MBR ba ya iya ɗaukar abin da ya haura tera 2 a faifai mai sektar bayit 512. Da GParted, manhajar rarraba faifai da ake sarrafawa da linzami, minti biyar, an gama.

Da yamma Auta ya kira, muryarsa na rawa. /home, inda fayilolinsa suke a Linux, ta ƙi hawa.

"Yaya, wallahi na bi ƙa'ida. Na rage ext4 tukuna, sannan na yanke fatishan."

Kuma da gaskiyarsa, jerin ke nan in ragewa za a yi: tsarin fayil (ext4) tukuna, sannan fatishan, wato yankin faifan da yake zaune a ciki. Na ce ya karanto mini abin da ya rubuta. resize2fs /dev/sda3 100G don rage tsarin fayil, sai parted, resizepart 3 100GB don rage fatishan. Kuskure biyu a layi guda, kuma kowanne ido zai iya tsallake shi.

G ɗin resize2fs da 1024 yake lissafi, wato bayit 107,374,182,400. GB ɗin parted da 1000 yake yi, bayit biliyan 100 cif. Tazarar ta fi giga 7. Wannan kaɗai ya isa ya datse wutsiyar tsarin fayil. Na biyun ya fi muni: resizepart ba girma yake tambaya ba, wurin da fatishan zai ƙare yake nema, a ƙirga daga farkon faifai. Nasa ya fara ne wajen giga 40, don haka abin da ya rage bai wuce 60 ba. An cusa tsarin fayil mai 107 cikin ɗaki mai 60.

e2fsck, mai duba lafiyar tsarin fayil, ya riga ya gaya masa girman da ke rubuce a suphabulok (inda tsarin fayil ke ajiye bayanin kansa) ya fi na fatishan, yana tambaya ko ya dakata. Na ce, "Ka ce masa eh, ya dakata. Kada ka bari ya gyara komai." Sauya tebur ba ya goge bayanai, iyaka kawai yake matsarwa, fayilolin na nan kwance inda suke. Da unit s print muka tabbatar sektar farko ba ta motsa ba. Fatishan ɗin shi ne na ƙarshe, sai resizepart 3 100%, sannan e2fsck -f. Tsaf ya fito. Daga nan muka sake: tsarin fayil zuwa 90G, iyaka a 150GB don a bar sarari, sai resize2fs ba tare da lamba ba, ya cike wurin da kansa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganarsa ta ƙarshe. Ashe saura ƙiris ya buɗe sabon fatishan a filin da ya "samu" ya gudanar da mkfs, mai shimfiɗa sabon tsarin fayil, a kai. Da ya yi, da duk fayil da ke zaune bayan iyakar ya shiga haɗari. fdisk, takwaran parted, yana riƙe canji sai an danna w. parted kuwa gargaɗi ɗaya yake yi, ka amsa, ya rubuta nan take. GParted da ma'auni ɗaya, MiB, yake auna tsarin fayil da fatishan, shi ya sa wannan tarkon ba ya kama masu linzami.

Bai ajiye kwafin tebur ba. sfdisk -d /dev/sda, a tura abin da ya fito cikin fayil, daƙiƙa ɗaya. Na sa ya yi kafin mu ajiye waya.

Gobe fstab ɗinsa, fayil ɗin da ke jera fatishan ɗin da za su hau in an kunna kwamfuta. Har yanzu sda3 ke ciki maimakon UUID, lambar shaidar tsarin fayil.