Motar da ta fi araha ita ce inshorarta ta so ta karya ni

Motar da na so in fara saye tsohuwar motar Jamus ce, baƙa wuluk, silinda shida, injin lita 2.5, kujerun fata. Kana rufe ƙofarta za ka ji wani "dum" mai nauyi da ke sa mutum ya ji ya isa. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne kuɗin da dillali ya sa mata bai kai na wata ƙaramar Toyota Yaris da ke fake kusa da ita ba. A lissafina na lokacin babu ma abin tsayawa shawara: ga babbar mota da araha, ga ƙarama da tsada.

Da na tambayi dillalin batun inshora, hannu kawai ya kaɗa. "Haba Malam, inshora ai ba wani abu ba ne, tsohuwar mota ce, nawa za su caje ka?" Har yau wannan magana tana ba ni haushi, domin mutumin ya san gaskiya sarai. Sana'arsa ce.

Saura ƙiris in ba da kafin alƙalami Kawuna ya dakatar da ni. Ya daɗe yana tuƙi, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya zagaya motar, ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa fitilar gaba, ya ce, "Ɗana, ka tambayi kuɗin wannan fitilar guda ɗaya tukuna. Sannan ka kwafi lambar shasi ka kira masu inshora. In ka ji amsarsu kana nan a kan bakanka, sai mu biya."

Na kwafi lambar, haruffa da lambobi 17 da ake gani ta ƙasan gilashin gaba, na kwafi ta Yaris ɗin ma don in nuna masa cewa bambancin ba zai taka kara ya karya ba. Da aka faɗa mini kuɗin cikakkiyar inshorar motar Jamus ɗin na shekara, sai da na ce wa matar da ke wayar ta maimaita. Ya haura ninki biyu na Yaris. Na yi lissafi a tsaye a wurin: cikin 'yan shekaru kaɗan, abin da zan zuba a inshora zai cinye kuɗin motar kanta. Na gwada wasu kamfanonin, adadin ya ɗan hau ya ɗan sauka, amma tazarar tana nan.

Sai daga baya na gane abin da suke dubawa. Ni ina kallon nawa aka sayar mini da motar, su kuma suna kallon nawa za su kashe ranar da na buga ta. Mota mai tsada idan ta tsufa kuɗinta yana faɗuwa warwas, amma kayan gyaranta ba sa faɗuwa tare da ita. Fitilar da Kawu ya ƙwanƙwasa, da bamba mai na'urorin jin kusantar abu, da madubin gefe mai naɗe kansa, duk suna nan da farashinsu na manyan motoci. Ga lokacin da makaniki zai ɓata kafin ya kai ga abin da ya lalace. Sai kuma ƙarfin injin: mota mai fizga a hannun wanda lasisinsa bai shekara ba, a wurinsu haɗari ne da ke jiran rana. Suna kuma duba yadda ɓarayi ke son irin motar, da inda take kwana, cikin gareji ko bakin titi. A Ingila ma har rukuni-rukuni suke kasa motoci, daga 1 zuwa 50, kuma yawanci duk wadda lambarta ta fi ƙanƙanta inshorarta ta fi sauƙi. Ko a inda ba a wallafa irin wannan jeri, tunanin ɗaya ne.

Wani zai ce ai sai ka ɗauki ƙaramar inshora, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna kawai. Na yi wannan tunanin. Amma a irin wannan mota, ma'anarsa ita ce duk ranar da na goga gabanta a bango, gyaran daga aljihuna zai fito, kuma na riga na ji kuɗin fitila. Mota ce da ba zan iya yi mata cikakkiyar inshora ba, ba kuma zan iya gyara ta da kaina ba. Araha ba ta ado.

Na sayi Yaris ɗin, mai injin lita 1.3. Ba ita kaɗai na duba ba. Honda Jazz da Corolla duk suna cikin lissafi, kuma inshorarsu ba ta yi nisa da juna ba. Corolla tun 1966 ake ƙera ta, an sayar da fiye da miliyan 50, saboda haka babu makanikin da bai taɓa buɗe cikinta ba, kayan gyaranta kuma ba sai an yi cigiya ba. Sai dai Corollar da na samu ta sha tafiya da yawa, shi ya sa na bar ta. Makanikinmu ya jona na'urarsa a kafar da ke ƙarƙashin sitiyarin Yaris, kwamfutar motar ba ta nuna wata matsala ba, ya leƙa ƙasa babu tsatsa, ya ce injin ɗin sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, wato an rage mini wani babban gyara da ake yi lokaci-lokaci. Wannan ɓangaren ya tafi lami lafiya.

Wurin cike takarda ne na sake cin karo da wani abu. Akwai kason da kai za ka fara biya daga aljihunka duk lokacin da ka nemi diyya, kafin kamfani ya cika sauran. Idan ka yarda a ɗaga wannan kason, kuɗin shekara yana sauka, kuma a takarda abin yana da daɗin gani. Wani tayi da na ɗauka shi ne mafi sauƙi, da na karanta ƙananan rubutun sai na ga kason ya kusa kai kuɗin gyaran bamba da fenti gaba ɗaya. Wato ƙananan gogayya, waɗanda su ne sabon direba ya fi yi, ni zan biya su kaf. Na zaɓi wanda zan iya fitar da kasonsa a yau ba tare da na ci bashi ba, ko da kuɗin shekarar ya ɗan ɗara. Sannan na tambayi bambancin biya lokaci guda da biya wata-wata. Na wata-wata akwai ƙari a ciki, don haka na daure na biya gaba ɗaya.

Shawarata ga mai neman motar farko ba ta wuce abin da Kawu ya sa ni yi ba, sai dai kada ka jira sai zuciyarka ta riga ta kwanta da mota. Da zarar ka zauna a kujerar ka kama sitiyari, lissafi ya bar kanka, za ka fara neman hujjar da za ta sa tsadar ta zama ba komai ba. Ni sai da na yi ta jayayya da adadin da aka faɗa mini, kamar matar da ke wayar ce ta ƙirƙiro shi. Ka nemi kuɗin inshorar motoci uku ko huɗu tun kana gida, ka haɗa shi da kuɗin mai da na gyara na shekara, wannan jimlar ita ce farashin motar.

Kuma ka bar ta yadda kamfani ya ƙera ta. Abokaina sun yi ta zuga ni in sa manyan wili da salansa mai ƙara. Duk canjin da ka yi dole ka sanar da masu inshora, galibi kuɗi ya hau. In kuma ka ɓoye, ranar haɗari suna iya ƙin biya.

Dillalin nan fa bai haƙura ba. Da ya ga na juya wa motar Jamus baya, sai ya ja ni gefe ya rage murya: wai a rubuta sunan Kawu a matsayin mai tuƙa ta kullum, ni kuma a sa ni a matsayin mai taɓawa jefi-jefi, kuɗin zai sauko sosai. Zai sauko kam. Amma ƙarya ce a takardar yarjejeniya, kuma idan aka gano, inshorar tana iya rushewa daidai ranar da ake buƙatarta, da sunan dattijo a ciki. Bayan haka, rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba da sunan mai inshorar yake taruwa, ni kuwa nawa nake so ya fara taruwa. Da na gaya wa Kawu abin da mutumin ya ce, bai ko waiwaya ya kalle shi ba, ya ce in karɓo makullin ƙaramar, duka biyun, in gwada kowanne a gabansa ya ga ya tada injin.